Babi na Bakwai: Marubuci a Cikin Rumfa

Duk wanda ya taɓa shiga wurin baje kolin littattafai da ake yi a fili ya san wannan mutumin. Yana zaune a wata rumfa da ba ta fi wurin mai shayi faɗi ba, a gabansa tebur lulluɓe da yadi, a kan teburin littattafai iri biyu ko uku, kuma sunan da ke jikin bangonsu nasa ne. Shi ya rubuta, shi ya biya maɗaba'a, shi ya yi dakon kwalayen da sassafe, ga shi kuma yana ɗora dutse a kan takardun tallarsa don kada iska ta kwashe. Mai wucewa yakan dube shi ya tambayi kansa: shi kuwa wannan me ya kai shi? Mutumin da Allah ya ba basirar rubuta littafi, ya dace ya wuni a rana yana jiran masu saye kamar mai tumatir? Kuma bayan duk wannan wahala, ko kuɗin rumfar ma yana fitowa? Tambayoyin biyu ne, ɗaya ta mutunci, ɗaya ta riba, kuma duk sun cancanci amsa. Sai dai a ganina babban abin da marubucin ke komawa gida da shi ba ya cikin jakar kuɗinsa, kuma sai an gane wannan abin kafin a iya yi wa zamansa a rumfa hukunci na adalci.

Aikin da ba mai yi masa

Idan kamfanin ɗab'i ya karɓi littafi, akwai ayyuka da yawa da marubucin ba ya ma ganinsu. Wani zai gyara rubutun, wani ya zana bango, wani ya yanke farashi, wani ya bi shaguna yana lallashin masu su su karɓa. Saboda haka ne a ƙasashe irin su Amurka da Ingila abin da ke isa hannun marubuci bai cika wuce kashi 10 cikin ɗari na kuɗin littafin ba, shi kuwa mai shago yakan ɗauki wajen kashi 40. Marubucin da ya buga littafinsa da kansa ya tsallake wannan rabo, amma ayyukan ba su tafi ko'ina ba, kansa suka dawo. Bugawar ita ce mafi sauƙi a cikinsu yanzu. Tun da kamfanin Amazon ya buɗe hanyar da kowa zai iya fitar da littafinsa da kansa a 2007, kuma aka samu injunan da ke buga kwafi ɗaya tak idan an nema, fitar da littafi ya daina zama katanga. Abin da ya rage da wuya shi ne wanda dama can ya fi wuya: gano wanda zai karanta.

Mu a ƙasar Hausa wannan ba baƙon labari ba ne. Lokacin da tattalin arzikin Nijeriya ya taɓarɓare a shekarun 1980, kamfanonin ɗab'i irin su NNPC ta Zariya suka ja baya daga buga ƙagaggun labarai, sai matasan marubuta suka tara 'yan kuɗaɗensu suka nufi ƙananan maɗaba'u. Ta haka aka samu su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da Ado Ahmad Gidan Dabino, da ƙungiyar Raina Kama a Kano. Ko raba labari zuwa na ɗaya da na biyu da na uku da suka riƙa yi, akwai dabarar jari a cikinsa, domin cinikin na ɗaya ne ke biyan kuɗin buga na biyu. An laƙaba wa wannan rubutu sunan Adabin Kasuwar Kano, wasu da nufin raini, amma sunan ya faɗi gaskiya guda: marubucin da ba shi da kamfani a bayansa, ƙafarsa ɗaya tana kasuwa ko ya so ko ya ƙi. Zama a rumfa fito da wannan ƙafar fili ne kawai.

Wurin da ba shi da ƙofa

Kafin a zo kan marubucin, ya kamata a dubi wurin da kansa, domin baje kolin fili daban yake da shagon littattafai, daban kuma yake da irin babban taron Frankfurt na Jamus, inda galibin cinikin tsakanin kamfanoni ne da ke sayen haƙƙin fassara da bugawa. Misalin da ya fi nuna wannan bambanci yana Dhaka, babban birnin Bangladesh. A watan Fabrairun 1972, 'yan makonni bayan ƙasar ta fito daga yaƙin neman 'yanci, wani mai buga littattafai da ake kira Chittaranjan Saha ya yi shimfiɗa a ƙasa a harabar cibiyar harshen Bangla, ya baza littattafai talatin da 'yan kai. Watan ne da mutanen ƙasar ke tunawa da waɗanda aka harbe a ranar 21 ga Fabrairun 1952 saboda kare harshensu, ranar da daga baya UNESCO ta mayar Ranar Harshen Uwa ta Duniya. Jama'a dama suna taruwa a wurin, shi kuwa ya kai musu littafi inda suke. Wasu masu buga littattafai suka bi sahunsa, cibiyar ta karɓi shirya abin a 1978, har ya zama bikin da ke cinye watan Fabrairu gaba ɗaya. A 2014 harabar ta yi kaɗan, aka faɗaɗa zuwa filin shaƙatawa na Suhrawardy da ke kusa. A yau masu ɗab'i na ƙasar sukan daidaita fitar da sababbin littattafansu da wannan wata.

Abin lura a nan shi ne, shago yana da ƙofa, kuma ƙofa tana tace mutane. Wanda ya tura ƙofar shagon littattafai ya riga ya ɗauki kansa mai karatu. Fili kuwa ba ya tambayar kowa. Magidanci da ya fito da yara shan iska, da ɗaliban da suka zo kallo, da wadda ta rako ƙawarta, duk za su gifta ta gaban rumfa, kamar yadda mutum ke shiga kasuwar baje koli ta Kaduna ba da niyyar sayen komai ba ya fito da tukunya. Haka abin yake a bikin littattafai da jaridar Los Angeles Times ta fara a 1996, wanda ake yi a harabar jami'a, da na Brooklyn a New York da aka fara a 2006, inda ake jera tebura a dandalin gari. A irin waɗannan wurare marubuta masu cin gashin kansu kan kama rumfa, wani lokaci su biyu ko uku su haɗa kuɗi su raba tebur guda. Babban kamfani yana da hanyoyi da yawa na isa ga wanda bai taɓa jin sunan marubucinsa ba. Shi kuwa ɗan ƙaramin marubuci, da wuya ya samu wata hanya da ta kai wannan.

Lissafin da ba ya daɗi

Yanzu a zo ga kuɗi, kuma a nan mai suka yana da hujja mai ƙarfi. A ɗauki misali kawai, don a ga yadda lissafin ke tafiya. A ce kowane kwafi ya tsaya wa marubuci a naira 1,000, yana sayarwa 2,500, wato ribarsa 1,500. A ce kuɗin rumfa da na mota da dako da abinci da masauki na kwana uku sun kama 90,000. Sai ya sayar da kwafi 60 kafin ya fara ganin ko kwabo, wato 20 kowace rana, wato kwafi ɗaya kowane minti 24 idan yana zaune awa takwas. Marubucin da ba a san shi ba, mai littafi ɗaya tilo a kan tebur, samun irin wannan ciniki ba ƙaramin abu ba ne. Ga fili kuma da halinsa: hadari ya taso a tattara, ƙura ta dusashe bango, rana ta lanƙwasa takarda, ko masu shirya bikin su jefa mutum can wani lungu da ba a bi. Duk wanda ya ce wa sabon marubuci ya kama rumfa zai dawo da riba, bai yi masa adalci ba. Sau da yawa faɗuwa ake yi, kuma wanda ya ranto kuɗin rumfa yana sa ran biya daga cinikin ranar ya ɗauki kasadar da ba ta kamata ba.

To amma wannan lissafi ya ɗauka cewa littafi ne kaɗai ke sauya hannu a rumfar. Kamfanoni suna kashe maƙudan kuɗi don su san me ya sa mutum ya ɗauki hajarsu ya ajiye. Marubucin da ke zaune a bayan teburinsa yana kallon amsar wannan tambaya da idonsa, sau ɗari a wuni.

Inda hannu ya tsaya

Sayen littafi yana da matakai, kuma kusan kowa iri ɗaya yake bi. Mutum na tafe, idonsa ya faɗa kan bango. Ko ya wuce, ko ya rage tafiya. In ya tsaya sai ya ɗauka, ya juya baya ya karanta ɗan bayanin da ke can, ya buɗe shafin farko ko ya ɓare tsakiya, sannan ya tambayi nawa ne. A kowane mataki akwai masu janyewa, kuma inda suka janye shi ke nuna inda ciwon yake. Idan mutane suna wucewa ba su ko waiwaya, bangon ne ko sunan littafin bai kira su ba. Idan suna ɗauka, su karanta baya su ajiye, bayanin ne bai riƙe su ba. Idan sai sun buɗe ciki suke mayarwa, wataƙila rubutun ya yi ƙanana, ko bugun ya dusashe, ko kuwa sakin layin farko ya yi sanyi, kuma wannan na ƙarshe shi ne mafi ɗaci ga marubuci, shi ne kuma mafi amfani. Idan sun bi duk matakan sai farashi ya kore su, wannan wani darasi ne daban. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ya san wannan karatu sarai. Yana ganin wace atamfa ake shafawa a wuce, wace ake warewa a kara a jiki, kuma da wannan yake yin sarin gaba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Marubucin da ya kai littattafansa wurin dillali ya koma gida yana jira, abin da zai samu a ƙarshe adadi ne kawai, an sayar da kaza, kaza sun rage. Dalilin kuwa ya tsaya a shago, ba mai kawo masa.

Akwai kuma tambayar da kusan duk wanda ya tsaya zai yi: labarin mene ne a ciki? Mutum zai iya shekara biyu yana rubuta littafi, a yi masa wannan tambaya ya kama kame-kame. A rumfa ba a ba shi minti biyar. Numfashi biyu ne, in ya ja zance mai tambaya ya fara leƙen rumfar gaba. Da safe zai faɗa ta wata fuska ya ga ido ya kau, da hantsi ya sauya ya ga an ɗan matso, kafin la'asar ya samu jimla biyu da ke sa a miƙo hannu. Waɗannan jimloli su ne ya kamata su kasance a bayan littafin tun farko, su zai faɗa a gidan rediyo, su zai rubuta a shafinsa. Fiye da haka, sau da yawa a nan ne marubuci ke gane ainihin abin da ya rubuta. Ya ɗauka littafinsa a kan siyasar ƙaramar hukuma yake, sai ya ga duk wanda ya saya saboda rikicin uwa da ɗanta da ke ciki ya saya.

Abu na uku shi ne sanin su waye masu karatunsa, kuma a nan zato yakan sha ƙasa. E. Lynn Harris, Ba'amurke baƙar fata, ya buga littafinsa na farko da kansa a 1991 bayan kamfanoni sun ƙi karɓa. Ya zuba kwafi a bayan motarsa yana kaiwa ƙananan shagunan littattafai na baƙaƙen fata da shagunan gyaran gashi na mata a Atlanta. Ta bakin waɗannan mata littafin ya yaɗu, har wani babban kamfani ya sake buga shi a 1994. Marubutan Kano ma sun gane darajar wannan sani tun da wuri. Sukan sa adireshinsu a cikin littafi, masu karatu su aiko da wasiƙu, a buga wasu daga cikin wasiƙun a littafi na gaba. Rumfa ita ce wannan wasiƙa, sai dai mai ita yana tsaye a gabanka, kuma har wanda bai saya ba ya bar maka saƙo.

To, waya fa?

Za a ce duk wannan zancen jiya ne. Yau marubuciya tana zaune a ɗakinta a Gusau ko Maraɗi, ta sa shafukan farko kyauta a WhatsApp ko Facebook ko Wattpad, masu so su tura kuɗi ta banki a sa su a rukunin masu karanta sauran. Ba kuɗin rumfa, ba dako, ba ƙura. Wannan gaskiya ne, kuma akwai abin da ya fi shi ƙarfi: yawancin masu karanta littattafan labari na Hausa mata ne, da yawansu matan aure da ba lalle su samu zuwa wani biki a Kaduna ko Kano ba. Wato mutanen da ke giftawa ta gaban rumfa ba su ne hoton masu karatu gaba ɗaya ba, kuma marubucin da ya gina komai a kan abin da ya gani a can zai iya ɓata hanya. Ban ga yadda za a musa wannan ba.

Sai dai waya tana da nata makantar. Waɗanda ke cikin rukunin marubuci mutanensa ne, sun riga sun so shi, shi ya sa suka shigo. Yabonsu yana da daɗi, amma ba ya faɗa masa me ya sa wancan bai shigo ba. Wanda ya ga tallar littafi a waya ya zarce, ba ya barin sawu, ba a ga fuskarsa ba, ba a san a wane layi ya gaji ba. Rumfa kuwa baƙi take kawowa, kuma ƙin sayen baƙo a gaban idonka ya fi yabon masoyi goma koyarwa. Saboda haka hanyoyin biyu ba kishiyoyi ba ne. Marubuci mai lura yakan ajiye littafin rubutu a gefen tebur, duk wanda ya nuna sha'awa ya bar lambarsa in ya yarda, ta haka wanda aka haɗu da shi sau ɗaya a fili ya zama wanda za a sanar idan sabon littafi ya fito. Bukukuwa irin KABAFEST da aka fara a Kaduna a 2017, da bikin littattafai da fasahar Hausa na HIBAF da ya biyo baya a 2021, sun nuna akwai masu son haɗuwa da marubuci ido da ido. Abin da zan so masu shirya irin waɗannan taruka su ƙara ba wa muhimmanci shi ne tebura masu araha a waje, inda mai wucewa zai gani, domin zauren tattaunawa ma ƙofa gare shi.

Zancen girma

Saura tambayar mutunci. Ni ban ga zubar da girma a cikin mutum ya tsaya a bayan aikinsa ba. Kowace Juma'a ana baza littattafan addini a bakin masallatai, an daɗe ana sayar da ƙasidun ajami a Kasuwar Kurmi, ba wanda ya ce darajar abin da ke cikinsu ta ragu don an kasa su a tabarma. Maƙeri yana sayar da garmarsa, majemi yana sayar da fatarsa. Tunanin cewa marubuci ya fi ƙarfin ciniki ya samo asali ne daga wuraren da wani ke yi masa cinikin a bayan fage. Wanda ba shi da wannan gata, in ya ɓoye don kunya, littafinsa ne zai ruɓe a ƙarƙashin gado, kuma da rashin tayi akan bar araha.

Haɗarin da na fi ɗauka da gaske wani ne daban. Rumfa tana fifita mai baki. Akwai marubutan ƙwarai masu nauyin baki da za su wuni ba su sayar da biyar ba, ga maƙwabcinsu mai zaƙin murya da littafi marar nauyi yana ta ba da canji. Idan aka mayar da cinikin rumfa ma'aunin ingancin rubutu, an yi kuskure babba. Haka kuma marubucin da ya saba kallon fuskar mai saye zai iya fara rubuta abin da zai sa a miƙo hannu kawai, ya bar abin da ya zo faɗa. Labarai irin na Christopher Paolini, matashin da iyayensa suka buga masa littafinsa Eragon, ya zagaya makarantu da ɗakunan karatu fiye da 130 yana tallarsa kafin kamfanin Knopf ya sake buga shi a 2003, suna ƙara rura wannan, domin suna sa mutum ya ɗauka talla ce ta yi komai. Ana ba da labarinsa ne saboda irinsa ba shi da yawa. Iyakar da nake gani ita ce: abin da aka koya a rumfa ya yi hukunci a kan bango da suna da bayanin baya da girman rubutu da wurin da za a kai littafi, ya kuma nuna wa marubuci inda labarinsa ke yin sanyi. Amma abin da littafin zai faɗa, wannan a teburin rubutu ake yanke shi, ba a teburin ciniki ba. Mai nauyin baki kuma ba sai ya zama ɗan talla ba. Ya zo da ƙaninsa ko abokinsa ya riƙa magana da mutane, shi ya zauna gefe ya sa hannu a littafi, ya buɗe ido, tunda kallon ne ya kawo shi.

A cikin matakan sayen littafi da muka bi, akwai guda da muka ratsa da sauri, wato lokacin da mai saye ya gama dubawa, littafin na hannunsa, ya ɗago kai ya ce nawa ne. Amsar da marubuci zai bayar an shirya ta ne tun ranar da ya zaɓi irin takarda da yawan shafi da adadin kwafin da zai buga, kuma a nan ne masu buga littafi da kansu suka fi yin asara ba tare da sun sani ba. Yadda ake yanke wa littafi farashi, da abin da ya sa araha ma takan kori mai saye, shi ne zancen babi na gaba.